Tayoyi Masu Tsimin Mai a Gaban Tayoyin Hannu: Lissafin Riba ga Direbobin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tsakure

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ake ta neman dabarun rage shan mai, kuma cikin shawarwarin da ake kawowa har da tallata tayoyin da aka ƙera don tsimin mai, irin yadda ake yi a Turai. Wannan maƙala ta auna shawarar da yanayin sufuri a ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa na Jihar Katsina. Lissafi ya nuna cewa tsimin gaskiya ne a kan kwalta, kusan lita 0.4 a kowace kilomita 100 ga ƙaramar mota mai lodi. Sai dai da tayar hannu sabuwar taya ke gasa a wannan yanki, kuma tayar da ta fara suɗewa ba ta jan mai kamar sabuwa. Don haka hujjar tsimin mai ita kaɗai ba za ta sayar da sabuwar taya a waɗannan garuruwa ba.

Gabatarwa

Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Zuwa Oktoba 2024 ya haura naira 1,000 a wurare da dama. Mutanen kudancin Katsina sun riga sauran ƙasar sanin ƙuncin mai. Dokar da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen Agusta 2021 don daƙile 'yan bindiga ta hana sayar da fetur a jarka, ta ƙayyade gidajen man da za su yi aiki a ƙananan hukumomin da matsalar ta shafa, ciki har da waɗannan ukun, ta kuma ce kada a sayar wa mota man da ya wuce na naira 5,000. Dokar ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka ce su zaga ta Funtuwa. Direban da ya yi wannan zagaye da mai ƙayyadadde ba sai an yi masa wa'azin darajar lita ba.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan tayarsa ta mutu ya zo canji, shin tayar da ake cewa tana tsimin mai za ta mayar masa da kuɗinsa?

Bitar ayyukan da suka gabata

Asalin maganar ba a jayayya a kansa. Duk lokacin da taya ta juya, ɓangaren da ya taɓa ƙasa yana lanƙwasawa sannan ya miƙe, kuma robar ba ta mayar da dukan ƙarfin da ta karɓa. Sauran yana zama zafi. Wannan asara ita muke kira turjiyar taya a nan, kuma a kan hanya mai tauri ita ce mafi yawan abin da taya ke ci daga injin. A 1992 kamfanin Michelin ya fito da tayar da aka cakuɗa robarta da silika, wadda ta rage turjiya ba tare da ta rasa riƙon hanya a cikin ruwa ba. A 2006 Hukumar Binciken Sufuri ta Amurka, a rahotonta na musamman mai lamba 286, ta kammala cewa rage turjiya da kashi 10 cikin ɗari yana rage shan mai da kashi 1 zuwa 2.

Inda muke da ja shi ne darasin da aka ɗauka daga nan. Masu tsara manufofi a Amurka sun lura cewa kamfanonin motoci suna sa wa sabuwar mota tayoyi masu ƙarancin turjiya don su cika ƙa'idar shan mai, amma da mai mota ya zo canji sai ya sayi abin da ya samu. A kan wannan Jihar Kalifoniya ta yi dokarta a 2003. Tarayyar Turai ta wajabta liƙa tambarin daraja a kan tayoyi daga Nuwamba 2012, ta sabunta shi daga 1 ga Mayu 2021 da matakai biyar, A zuwa E. Duk wannan tsari ya tsaya ne a kan zato uku: mai saye yana zaɓi tsakanin sabuwar taya da wata sabuwar, zai yi tafiyarsa a kan kwalta, kuma tayar za ta rayu har zanenta ya ƙare. Masu kiran a kwaso tsarin zuwa Nijeriya ba su cika tsayawa su tambayi ko ɗaya daga cikin ukun ba. Shi kansa gwajin da ake ba da darajar a kansa, ISO 28580, ana yin sa ne a ɗakin gwaji, taya na gudu a kan gangar ƙarfe mai santsi da saurin kilomita 80 a awa. Hanyar Dandume zuwa ƙauyukan Sabuwa a watan Agusta ba ta da dangantaka da wannan ganga.

Akwai kuma masu cewa maganar duka almara ce ta 'yan kasuwa. Su ma lissafin da ke tafe bai goyi bayansu ba.

Hanyar bincike

An yi amfani da alƙaluman da ke cikin dokar Turai da littattafan injiniyan motoci, aka ɗora su a kan misali guda: ƙaramar motar haya irin Golf da ta ɗauki fasinja da kaya, nauyinta duka kilogiram 1,600. An ƙaddara cewa litar fetur na ɗauke da megajul 32, kashi 30 cikin ɗari ne ke isa ga tayoyi, farashin lita kuma naira 900. Waɗannan ƙaddarawa ce don lissafi, kowa na iya canza su ya sake bugawa.

Sakamako

A tambarin Turai, tayar ƙaramar mota mai daraja B tana da turjiya tsakanin niyutan 6.6 da 7.7 a kan kowane niyutan dubu na nauyi, mai daraja D kuma tsakanin 9.1 da 10.5. Mu ɗauki 7.5 da 10. Motarmu tana danna ƙasa da kusan niyutan 15,700, don haka bambancin tayoyin biyu niyutan 39 ne. A tafiyar kilomita 100 wannan ya zama megajul 3.9, wato kusan lita 0.4. Ga motar da ke shan lita 10, kashi 4 cikin ɗari ke nan, kuma ya dace da ma'aunin rahoton 2006. Idan tayoyin suka yi kilomita 40,000, an tsimi lita 160, kusan naira 144,000. Direban da ke bin titin Funtuwa zuwa Gusau, wanda ya ratsa Sheme da 'Yankara a ƙasar Faskari, ba zai raina wannan kuɗi ba.

To amma da wace taya ake kwatanta mai daraja B? A nan ne lissafin Turai ya kuɓuce.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, kasuwar tayar mota a Nijeriya ta dogara ga shigo da kaya. Tayoyin hannu na ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, amma duk wanda ya leƙa layin masu taya a Funtuwa ko Malumfashi ya san waɗannan tayoyi da ake kira 'yan Beljiyam ba su yi wuya ba. Faɗuwar naira bayan Yunin 2023 ta ƙara nisanta sabuwar taya mai suna daga aljihun direban haya. Zaɓinsa na zahiri uku ne: tayar hannu, ko sabuwa mai arha daga Asiya, ko ya ci gaba da faci.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, turjiyar taya tana raguwa yayin da take suɗewa. Dalilin a fili yake: zanen taya shi ne wurin da roba ta fi kauri, shi ke fi lanƙwasawa, shi ke fi ɗaukar zafi. Idan ya ragu, asarar ta ragu. Sanannen abu ne a wurin masu gwajin taya cewa wadda ta kai ƙarshen zanenta turjiyarta na iya sauka da kusan kashi 20 cikin ɗari idan aka kwatanta da ranar da take sabuwa. Ke nan tayar da ta baro masana'anta da 10 tana iya komawa wajen 8 a ƙarshen rayuwarta. Direban da ya cire irin wannan ya sa sabuwa mai daraja B, daga 8 ya sauko 7.5 kawai: niyutan 8, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na lita a kilomita 100. Babu mai iya ganin wannan a allurar tanki. Idan kuwa sabuwa ta gama-gari ya saya, daga 8 ya hau 10, shan mansa ya ƙaru da kusan lita 0.3. Duk direban da ya ce tun da ya sa sababbin tayoyi motarsa ta ƙara shan mai, kimiyya tana bayansa, kuma mai tallan da ya ƙaryata shi ya zubar da amincinsa a tashar.

Za a iya cewa wannan kwatanci bai yi adalci ba, tunda ita ma mai daraja B za ta suɗe turjiyarta ta ƙara sauka. Haka ne. Amma tayar hannu tana yin dukan rayuwarta ta biyu ne a rabin ƙarshe na zanenta, inda turjiya ta riga ta sauka, don haka ko an ɗauki matsakaicin rayuwar kowacce, ratar ba ta kai niyutan 39 da muka fara da su ba. Kuma mai saye da abin da ya gani a makon farko yake yanke hukunci.

Kada a fahimci wannan a matsayin yabon tayar hannu. Tayar da ta suɗe ba ta riƙe hanya a cikin ruwa, birkinta ya fi tsawo, kuma wadda ta tsufa robarta na tsattsagewa ta fashe da zafi. Da ma a kan wannan ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana jan hankalin direbobi su duba lambobi huɗun da ke gefen taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Hujjar rai ita ce ke kayar da tayar hannu. Wanda ya bar ta ya kama hujjar mai ya shiga kokawar da ba zai ci ba.

Sauran zato biyun ma ba su tsaya ba. Littattafan injiniya suna ba hanyar da ba ta da kwalta turjiyar da ta kai wajen 50 a kan dubu, domin a nan ƙasar ce da kanta ke nutsewa a ƙarƙashin taya. Motarmu za ta fuskanci kusan niyutan 785, kuma ko da tsimin niyutan 39 ya tsira gaba ɗaya, ya koma kashi 5 cikin ɗari na turjiyar maimakon kashi 25. Bai ɓace ba, amma ya nutse cikin rami da taɓo da sauya giya. Game da tsawon rai kuwa, tayar karkara ba kasafai take mutuwar tsufa ba. Dutse ne ke yanka gefenta, ko rami ya kumbura ta. Idan ta mutu a kilomita 15,000, tsimin ya dawo lita 60, naira 54,000 a kan tayoyi huɗu, wato 13,500 kowacce. Da wannan adadi ya kamata a kwatanta ƙarin kuɗin da za a biya a kanti.

Lodi ma yana da nasa. Ƙarin kilogiram 400 a kan tayoyi masu turjiya 10 yana kawo niyutan 39 cif, daidai da dukan ribar tashi daga D zuwa B. Buhun masara huɗu ke nan daga kasuwar Dandume. Ba muna ba direba shawarar ya sauke su ba, domin a kansu yake cin abinci.

Tattaunawa

Abu biyu ne suka rage da za a iya aiki da su. Na farko iska. Hukumomin Amurka sun ƙiyasta cewa kowane psi ɗaya (ma'aunin iskar taya) da matsakaicin iskar tayoyi ya ragu yana ƙara shan mai da kusan kashi 0.2 cikin ɗari. Ragin psi 8 ya zama kashi 1.6. Bai kai kashi 4 na canjin daraja ba, amma yana aiki a kan kowace taya, sabuwa ko ta hannu, kuma kuɗinsa bai wuce abin da za a ba mai faci ba. Taya mai ƙarancin iska kuma ita ce ke ɗaukar zafi ta fashe. Geji mai gaskiya a hannun kowane mai faci na bakin tasha, da ƙungiyar direbobi ta NURTW da za ta sa a riƙa dubawa kafin lodi, sun fi kusa da abin da ƙaramar hukuma za ta iya.

Na biyu, wa ke saye kuma wa ke mora? A tsarin balas, direba ne ke zuba mai, mai mota kuma shi ke sayen manyan kaya irin taya. Mai mota ba shi da dalilin ƙara kuɗi don tsimin da zai shiga aljihun wani. Inda tambarin daraja zai yi tasiri shi ne wurin da mai saye da mai zuba mai suka zama ɗaya kuma tafiyar ta kwalta ce: motocin hukumar sufuri ta jiha, KTSTA, da manyan motocin da ke kwasar hatsi zuwa Kano da kudu. Babura kuwa, waɗanda su ne ƙafar ƙauyukan ƙananan hukumomin nan uku, tambarin Turai bai ma shafi tayoyinsu ba.

Iyakokin bincike

Ba a auna mai a tankin kowace mota ba. Lissafi ne a kan mota guda da aka ƙaddara, kuma halin tsaro a yankin bai sa awo a kan hanyoyin karkara ya zama abu mai sauƙi ba. Kashi 20 na suɗewa iyaka ce ta sama, tayar hannu mai rabin zane ba za ta kai nan ba. Masu son su rushe sakamakon sai su ɗora mota ɗaya a hanyar Ƙanƙara zuwa Dutsin-ma da tayoyi iri uku, lodi ɗaya, iska ɗaya, su auna.