Wa Ya Faɗa Maka? Tafiyar Labari a Unguwar Kilomita Biyar

Wanda duk ya sauka Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya baro bakin kogin Ubangi inda Faransawa suka kafa sansaninsu a 1889, ya miƙi titin Boganda, ba zai jima ba sai ƙamshin tsire da kiran salla su tarye shi, ya ji Hausa tana tashi a tsakanin Sango da Fulatanci da Larabcin Cadi, ya tabbata ya iso Kilomita Biyar, wadda 'yan gari ke kira Sank Kilo saboda nisanta daga tsakiyar birni. An yi rubutu da yawa a kan unguwar nan, galibi a kan jinin da aka zubar a cikinta. Abin da ya fi tsaya mini a rai, alhali kuwa yana da hannu a cikin jinin nan, shi ne tarihin yadda labari ke iso wa mutanenta.

Kakannin Hausawan ƙasar nan fatake ne, waɗanda tun a ƙarni na 19 suka riƙa bin hanyar Adamawa, su yada zango a Ngaundere, su gangara Kunde da ƙasar Gbaya neman hauren giwa, da kuma bayi, abin da bai kamata mu ɓoye ba. Daga baya zuriyarsu suka bazu Karno da Berberati da Buwar, har suka cika kasuwar Bangui. A zamanin nan labari haja ne kamar sauran haja, a ƙafa yake tafiya, yana kwana inda ayari ya kwana. Idan baƙo ya sauka gidan mai masauki, aka kawo masa ruwa da tuwo, aka yi sallar isha'i, sai dattawa su kewaye shi, a fara daga lafiyar hanya da farashin goro, a gangaro kan wane sarki ya rasu, wane aka naɗa, damina ta yi albarka a Kano ko ba ta yi ba. Daga nan ya kwance jakarsa ya fito da takardun ajami, kowace an ninke ta an rubuta sunan mai ita a baya, wanda bai iya karatu ba ya kai wa malamin unguwa.

Labarin yakan makara, wani lokaci ya yi wata uku a hanya, amma yana da wata daraja, ita ce yana da mai shi. Ɗauki misalin rasuwa. Idan aka ce wa mace mijinta ya rasu a wurin fatauci, malam ba zai bar maganar ta tafi haka nan ba, domin takaba wata huɗu ce da kwana goma, ana kuma ƙirga ta daga ranar mutuwa, ga rabon gado yana jira. Saboda haka sai a zaunar da mai kawo labari a tambaye shi wace rana ce, a wane gari, da idonsa ya gani ko ji ya yi, in ji ya yi daga bakin wa, wa ya sallaci gawar. Wannan shi ne isnadi, irin wanda malaman hadisi suka shimfiɗa, ya sauko daga littafi ya shiga zaure. Mutumin da aka taɓa kama shi da ƙarya kuwa, riwayarsa ta faɗi ke nan, ko da daga baya ya zo da gaskiya.

Jarida ba ta taɓa kafa ƙafa sosai a tsakanin Hausawan nan ba, dalilin kuwa a bayyane yake. Sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, Hausar boko ta sami gida a Nijeriya ta Arewa. Amma yaron Kilomita Biyar, in ya je makarantar allo ajami ya koya, in ya je ta gwamnati Faransanci ya koya, Hausar boko ba ta cikin rabon kowa. Ashe ke nan daga bakin fatake sai aka tsallaka kai tsaye zuwa akwatin rediyo. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya fara a 1962, na Jamus ya biyo baya, Muryar Amurka ta shigo a 1979, Faransa ba ta waiwayo Hausa ba sai a 2007. Wani ikon Allah, agogon Bangui da na Kano ɗaya ne, don haka a daidai lokacin da mai shayi a Fagge ke murɗa akwatinsa bayan asuba, ɗan'uwansa a bakin babban masallacin Kilomita Biyar shi ma yana jan eriya, yana lallaɓa gajeren zango har muryar ta fita daga cikin ƙara.

Gidan rediyon ƙasar kuwa, mai magana da Faransanci da Sango, bakin gwamnati ne, ana buɗe shi don a san wa ke riƙe da gari. A cikinsa Jean-Bédel Bokassa ya shelanta ƙwace mulki ranar 1 ga Janairu, 1966. Sai mutane suka raba amanarsu biyu, suna jin umarni daga gida, suna neman tabbaci daga Landan. Aibin wannan tsari shi ne, Bahaushen Bangui ya fi sanin dalla-dallar kisan Janar Murtala a 1976 a kan abin da ke faruwa a garin Bambari, cikin ƙasarsa. Kaset ya cike wani gurbi, direbobin manyan motoci masu bin hanyar Duwala ta Garwa-Bulai suna kawo waƙoƙin Mamman Shata da tafsirin Shehu Abubakar Gumi, daga baya finafinan Kano. Sai a shekarar 2000, bayan boren sojoji na 1996 da 1997, aka sami Rediyo Ndeke Luka, wato tsuntsun sa'a da Sango, wanda wata gidauniyar Suwizalan mai suna Hirondelle ta kafa, ya zama tashar da ke faɗin labarin ƙasar ba da yawun fadar shugaba ba.

Wayar hannu ta tarar da unguwar a cikin wannan hali, sa'an nan fitina ta tarar da wayar. Ƙungiyar 'yan tawaye ta Seleka ta kama Bangui ranar 24 ga Maris, 2013. 'Yan Anti-balaka, mayaƙa masu gaba da Seleka, suka afka wa birnin ranar 5 ga Disamba. Kafin 'yan watanni Musulmi dubbai sun fice cikin ayarin motoci zuwa Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage suka takure a Kilomita Biyar, fita daga cikinta ta zama sayar da rai. Haƙƙi ne a faɗi alherin waya a kwanakin nan, domin da ita uwa ta san ɗanta ya isa Injamena da rai, da ita kuma maƙwabci Kirista ya riƙa kiran abokin cinikinsa Musulmi yana ce masa kada ya bi hanya kaza yau. Amma da ita ɗin dai jita-jita ta yi fiffike. A watan Yunin 2014, bayan wani saƙon kiran yajin aiki ya zaga gari, gwamnati ta rufe saƙon tes ɗungurungum na tsawon makonni, magani irin na wanda ya rasa dabara. A ƙarshen Satumba 2015 aka tsinci gawar wani matashi Musulmi ɗan acaɓa, labarin ya riga bincike isa kowane lungu, cikin 'yan kwanaki aka rasa rayuka gommai.

Ba na manta wani zama a wani zaure, waya tana yawo hannu zuwa hannu, kowa yana leƙa hoton wata gawa yana salati, samari har sun fara miƙewa. Wani dattijo da ya yi shekaru yana fatauci ya riƙe hannun mai wayar ya ce, "Yaro, wa ya faɗa maka?" Yaron ya ce, "Baba, ai ga shi a waya." Dattijon ya ce, "Na gani. Ita wayar wa ya faɗa mata? A wace unguwa aka ɗauka, yaushe?" Babu wanda ya iya amsawa, samarin suka koma suka zauna ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya yi shi ne abin da Suratul Hujurati ta yi umarni da shi game da bincika labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci, shi ne kuma abin da kakanninsa ke yi wa baƙo a gidan mai masauki.

Lalle dattijon yana da hujja fiye da yadda shi kansa ya sani, domin a watan Disamba 2020 kamfanin Facebook ya bayyana cewa ya rufe tarin shafukan bogi, waɗansu masu alaƙa da Rasha, waɗansu da mutanen da ke da alaƙa da sojan Faransa, suna shigar burtu da sunan 'yan ƙasa suna gwabzawa a kan zukatan mutanen Afirka ta Tsakiya. A istilahin malamai wannan ya wuce da'ifi, maudu'i ne, ƙagagge tun daga tushe, an kuma yanke isnadinsa da gangan.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2015, da Fafaroma Francis ya shigo unguwar ya ziyarci babban masallaci, Liman Tijjani Musa Na'ibi ya tarbe shi, gidajen rediyo suna watsawa, wayoyi suna ɗauka. Duk da haka mutane suka yi dafifi a bakin titi, yara a kan katanga, tsofaffi da sandunansu, kowa yana so in an tambaye shi gobe ya ce da idonsa ya gani.