Tarihin Jerin Umarnin da Sabuntawa Ke Karyawa

Duk wanda ya daɗe yana aiki da Linux ko macOS yana da wasu 'yan fayiloli da ya rubuta wa kansa. Ɗaya yana kwafe hotuna zuwa wani faifai kowane dare, wani yana sauya sunayen takardu ɗari a bugu ɗaya, wani kuma yana haɗa kwamfuta da na'urar buga takarda mai taurin kai. Layuka goma ne ko ashirin, an rubuta su da gaggawa, sun yi shekaru suna aiki shiru. Sai wata safiya a sabunta babbar manhaja, a wayi gari sun daina. Mai su bai taɓa ko harafi ba, ƙasar da ya yi gini a kai ce ta motsa. Wannan takaici yana da asali, kuma asalin ya girmi yawancin masu fama da shi.

A farkon shekarun 1960, wani Bafaranshe mai suna Louis Pouzin yana aiki a jami'ar MIT ta Amurka, a kan tsarin CTSS. Ya gaji da buga umarni iri ɗaya kullum, sai ya rubuta RUNCOM, manhajar da ke karanta umarni daga fayil ta aiwatar da su bi da bi. A 1971, a Bell Labs, Ken Thompson ya sanya wa Unix na farko shel ɗinsa, wato manhajar da ke karɓar abin da mutum ya buga ta miƙa wa tsarin. A 1973 aka ƙara bututu, dabarar Doug McIlroy, wadda ke ba da damar abin da wata manhaja ta fitar ya shige wata kai tsaye. Daga nan ƙananan kayan aiki suka zama abin harhaɗawa. Amma sai a 1979, da Stephen Bourne ya fito da nasa shel a bugu na bakwai na Unix, aka sami cikakken harshe mai sharaɗi da maimaici da ma'ajiyar ƙima. Shi ne ya zauna a adireshin /bin/sh, kuma har yau layin farko na miliyoyin fayiloli wannan adireshi yake kira.

Rabuwar kai ba ta jira ba. Bill Joy ya yi csh a Berkeley, David Korn ya fito da ksh a 1983, kowane kamfani mai sayar da Unix ya yi wa kayan aikinsa kwaskwarima yadda ya ga dama. Da yake na Bourne mallakin AT&T ne, Brian Fox ya rubuta Bash wa aikin GNU a 1989 domin a sami wanda kowa zai iya ɗauka kyauta. A 1992 ƙa'idar POSIX ta zo ta fayyace abin da ya wajaba kowane shel ya iya. Ƙa'idar ta yi kyau a takarda, sai dai mutum mai neman gama aikinsa kafin magariba ba ya buɗe kundin ƙa'ida. Abin da ya gwada ya ga ya yi, shi yake bari.

Nan ne tarkon ya ɗanu. Da Linux ya bazu bayan 1991, yawancin rassansa sun sa /bin/sh ya nuna Bash. Mutane suka yi ta rubuta /bin/sh a layin farko, a ƙasa kuma suna amfani da dabarun da Bash kaɗai ya sani, ba tare da sun ankara ba, tunda komai na tafiya. Shekara goma sha biyar ana haka. A watan Oktoba na 2006, Ubuntu 6.10 ya mayar da /bin/sh zuwa Dash, ƙaramin shel mai sauri da ya samo asali daga aikin Kenneth Almquist, domin kwamfuta ta riƙa tashi da wuri. Dash ya tsaya kusa da POSIX, bai san ƙarin da Bash ya yi ba. Fayiloli masu ɗimbin yawa suka karye, na ɗaiɗaikun mutane da na kamfanoni. Masu Ubuntu suka tsaya a kan cewa kuskuren na marubuta ne, kuma ta fuskar ƙa'ida gaskiyarsu. Ni dai ina ganin wannan gaskiya ba ta rage nauyin da aka jibga wa mutumin da bai taɓa jin sunan POSIX ba. Debian ma ya bi sahu a bugu na 6.0 a 2011, kuma akwai wata manhaja, checkbashisms, da aikinta kawai shi ne farautar irin waɗannan kurakurai.

Na Apple kuwa rikicin lasisi ne. Bash na 4 ya fito ƙarƙashin lasisin GPL na uku, wanda kamfanin ya ƙi, sai ya bar masu macOS da Bash 3.2, samfurin 2006. A 2019, a bugun Catalina, ya mayar da zsh shel na sababbin masu amfani, a 2022 kuma ya cire Python 2 gaba ɗaya. Ko umarnin sed -i, da ake gyara fayil da shi nan take, yadda ake rubuta shi a Mac daban, a Linux daban.

Ya kamata a faɗi cewa shel da kansa ba ya yafiya. Fili ɗaya a cikin sunan fayil ya isa ya raba sunan biyu idan an manta alamar zance. A Janairun 2015 aka gano wani layi a manhajar Steam ta Linux mai share duk abin da ke cikin wata jaka. Idan ma'ajiyar sunan jakar ta zo fanko, sai umarnin ya koma share duk fayilolin da mai kwamfutar ke da iko a kansu, kuma ya share wa wani nasa. Ƙwararru ne suka rubuta wannan layi. Watanni huɗu kafin nan, Stéphane Chazelas ya bankaɗo Shellshock, ɓarakar tsaro da ta kwanta a cikin Bash tun 1989.

Abin da ya fi ci wa masu kwamfutar tebur tuwo a ƙwarya a 'yan shekarun nan shi ne sauyin tsarin nuni. Tun 1987 X11 ke zana tagogi a allon Unix, kuma yana barin kowace manhaja ta leƙa tagar wata, ta danna mata maɓalli. A kan wannan sakaci mutane suka gina kayan aiki irin su xdotool. Wayland, da Kristian Høgsberg ya fara a 2008, ya rufe ƙofar saboda tsaro, kuma dalilin mai ƙarfi ne. Fedora ya koma kansa a 2016. Ubuntu ya gwada a 17.10, ya janye a 18.04, ya sake komawa a 21.04. Wanda ke da fayil mai jera masa tagogi da safe ya bi wannan kai-komo mataki-mataki.

Linus Torvalds ya yi suna wajen tsawata wa duk wanda ya kawo gyaran da zai karya manhajojin da ke aiki a kan cibiyar Linux, kuma an riƙe wannan alkawari sosai. Amma cibiya kaɗai ya shafa. Abin da ke samanta, wato shel da sed da tsarin nuni da mai tayar da hidimomi, yana hannun ƙungiyoyi dabam-dabam, kowace da jadawalinta, babu wadda ta san da fayil ɗin da ke jakar wani. Shi ya sa masu dogon zama a harkar suka koyi dabarun kare kai: su rubuta sunan Bash ƙarara a layin farko, su bi fayil da ShellCheck na Vidar Holen, su adana kowane gyara a Git, su zauna a kan Debian mai jinkirin sauyi ko bugun Ubuntu mai tallafin shekara biyar. Duk waɗannan suna rage ɓarna, amma aiki ne da babu mai biyan ladansa, kuma a lokacin hutu ake yin sa.

A Oktoban 2025, Ubuntu 25.10 ya maye gurbin kayan aikin GNU na yau da kullum, irin su ls da cp da date, da sababbi da aka rubuta da harshen Rust. Masu aikin sun ce burinsu su yi daidai da tsofaffin a komai, kuma suna gwada su da jarabawar GNU ɗin kanta. Jarabawar ba ta ƙunshi layuka ashirin ɗin da wani ya rubuta a 2012 don kwafe hotunan 'ya'yansa ba. Shi zai gwada su da kansa ranar da ya sabunta.