Littafin Haraji da Ƙidayar Jama'a a Nijeriya ta Arewa

Duk ɗalibin da ya buɗe littafin tarihi zai tarar an ce a shekarar 1921 mutanen Jihar Arewa sun kai kimanin miliyan 10, a 1931 kuwa miliyan 11.4. Galibi mukan kwafi waɗannan alkaluma mu zuba cikin kundinmu ba tare da mun tambayi inda aka samo su ba. Alhali kuwa mafi yawansu ba daga bin gida gida suka fito ba, daga littattafan haraji na En'e aka tattaro su. Don haka ya kamata mu san yadda aka rubuta littattafan nan, da irin amanar da ta dace mu ba su.

Bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa, Gwamna Lugga ya kafa dokar haraji ta 1906, wadda ta haɗe kuɗaɗe iri iri da talakawa ke biya a da. Daga baya aka buɗe baitulmali a masarautu, aka fara da Katsina. Kowace shekara mai unguwa da dagaci sukan zaga tare da malamin haraji, a rubuta sunan maigida, da baligai mazan da ke gidan, da mata, da yara, da dabbobi. Hakimi ya tara na gundumarsa ya aika wa sarki, daga nan ya isa ofishin Razdan. Da lokacin ƙidayar 1921 ya zo, irin waɗannan takardu ne mafi yawan abin da Mista C. K. Meek ya dogara da su wajen rubuta rahotonsa.

A 1931 ma haka aka yi, har da ƙari. A 1929 matan ƙasar Ibo sun yi bore a yankin Aba, don sun ga ana ƙirga mutane da dabbobi, suka ɗauka za a ɗora musu haraji. Wannan ya sa gwamnati ta ji tsoron ƙidaya a Gabas. A Arewa kuma fāra ta sauka, aka janye ma'aikata zuwa yaƙi da ita. Saboda haka ƙidaya ta sosai ba a yi ta ba sai a Ikko, da 'yan garuruwa kaɗan, da ƙauyukan Arewa kimanin 200. Sauran ƙasa duk lissafin haraji ne.

To, ina laifin littafin haraji? Na farko, an yi shi ne don kuɗi, watau idon malami yana kan baligi namiji mai biya. Mata da yara da tsofaffi cikon shafi ne, abin da maigida ya faɗa a zaure shi ake rubutawa, tun da baƙo ba ya shiga gidan da ake kulle. Ga kuma al'adar nan ta rashin son ƙirga 'ya'ya, da kunyar ambaton ɗan fari. Na biyu, kowa ya san ribarsa tana cikin ɓoyewa. Saurayin da gemu ya fara fito masa sai a tura shi gona ranar ƙidaya, makiyayi kuma ya kora shanunsa daji don gudun jangali. Na uku, akwai waɗanda ba su da zama ɗaya, kamar 'yan cin rani, da almajirai, da fatake, waɗanda ko dai a rubuta su sau biyu ko a tsallake su ɗungum. Na huɗu, ita kanta kalmar "gida" ba ta da ma'ana ɗaya. A wani wuri gandu guda ne mai uba da 'ya'ya biyar masu aure, a wani kuma kowane mai tukunyarsa ana lissafa shi daban.

Masanin ƙidaya R. R. Kuczynski, a littafin da ya fito a 1948 kan Afirka ta Yamma, ya bi rahotannin Turawa ɗaya bayan ɗaya ya nuna rauninsu. Hanyar da ya bi har yanzu tana da amfani: a gwada adadin maza da na mata, a gwada na yara da na manya, a kuma dubi ko ƙaruwar da aka samu tsakanin shekaru ta shiga hankali. Wata hanyar ita ce a zaɓi 'yan ƙauyuka a ƙirga su sosai, sa'an nan a gwada da abin da ke littafi, domin gani ya kori ji.

Abin mamaki shi ne yadda al'amarin ya juya. Ƙidayar 1952 ta ba Arewa miliyan 16.8, ta 1963 kuma miliyan 29.8. Haihuwa kaɗai ba ta kawo wannan ƙari cikin shekara 11. A 1952 tsoron haraji bai bar mutane ba tukuna, amma a 1963 an gane cewa yawan jama'a shi ke kawo kujerun majalisa da kason kuɗi, sai kowace jiha ta so a gan ta da yawa. An soke ƙidayar 1962, an kuma soke ta 1973. Shi kuwa haraji da jangali, gwamnonin PRP sun soke su a Kano da Kaduna a 1979.

Wannan tarihi bai nuna cewa takardun hukuma ba su da amfani ba. Ƙasar Denmak tun 1981 take fitar da ƙidayarta daga rajista kawai, Finlan kuma tun 1990, domin rajistarsu ta haɗa kowa, ana kuma gyara ta a duk haihuwa da mutuwa da ƙaura. Littafin En'e bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, amma ga mai tarihi taska ce, muddin ya karanta shi a matsayin jerin masu biyan haraji. Kafin ɗalibi ya ɗauki alkalumansa, sai ya tambayi wanda ya rubuta, da dalilin rubutawa, da wanda zai yi riba in adadin ya ragu ko ya ƙaru.