Tafin Ƙafa, Wutar Lantarki da Tsayuwar Manomi: Darasi daga Tarihin Yadakunya

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano ta arewa, watau wajen Ungogo, Minjibir, Dawakin Tofa da Gezawa, tana cikin wuraren da aka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. A nan ba a barin gona ta huta. Kowace shekara sai an huɗe ta, kuma takin da ke riƙe da ita a mangala jakuna ke kawo shi daga birni da gidaje. Duk wannan aiki a kan ƙafa yake. Manomi yakan taka kunya bayan kunya da asuba, ya bi ta kan kututturen dawa bayan girbi, ya ratsa tsidau da ƙarangiya, sa'an nan ya sha zafin rairayi da bazara. Tafin ƙafarsa ne yake gaya masa inda ƙasa ta karkata da inda ƙaya take, tun ido bai gani ba.

Ilimin likita bai gane wannan da wuri ba. A shekarar 1846 ne wani likitan Jamus, Moritz Romberg, ya bayyana cewa akwai marasa lafiya da sukan tsaya cak muddin idonsu na buɗe, amma da zarar sun rufe shi sai su fara layi kamar za su faɗi. Daga baya aka fahimci cewa abu uku ke riƙe da tsayuwar mutum: gani, da sashen kunne na ciki, da saƙon da jijiyoyin ƙafa da gaɓoɓi ke aikawa ƙwaƙwalwa. In ɗaya ya ɓaci, biyun sukan rufa asiri. In biyu suka ɓaci, sai tangaɗi.

Amfani da lantarki a ƙafa kuwa ya girme wannan sani nesa ba kusa ba. Wajen shekara ta 47 Miladiyya, likitan Rumawa Scribonius Largus ya rubuta cewa mai ciwon gaɓoɓin ƙafa ya taka wani kifin teku mai jan lantarki a bakin gaɓa, ya tsaya a kai har ƙafar ta mutu zuwa gwiwa. Wannan kifi yana da ɗan'uwa a kogunan ƙasar Hausa, shi ne minjirya, wadda Larabawa ke kira ra'ad, watau tsawa, kuma Abdullaɗif al-Baghdadi ya siffanta ta a Masar wajen shekarar 1200. Abin lura shi ne, manufar likitan Rumawa kashe ji ce. Sai bayan aikin Galvani na 1791, da na Duchenne a Faransa wanda ya fito a 1855, aka soma sa lantarki don a ta da tsoka, a kuma gane jijiyar da ke raye da wadda ta mutu.

A ƙasar Kano, cutar da ta fi kashe jin ƙafa a farkon ƙarni na 20 ita ce kuturta. Ƙwayarta, wadda Hansen ya gano a Norwe a 1873, takan shiga jijiyoyi, musamman wadda ta bi ta bayan idon sawu ta ciki, ita ce kuwa ke ɗauke da jin tafin ƙafa. A 1937, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka danƙa wa mishan ta Sudan Interior Mission kula da kutare a lardunan Kano, Katsina da Sakkwato, da gudummawar baitulmalin En'e. Daga wannan shiri ne Amanawa ta Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina, da Yadakunya ta ƙasar Ungogo suka zama sanannun mazaunin kutare. Sunan Yadakunya kansa ya isa bayani, domin wanda ya doshi wurin sai ya ya da kunyar da jama'a suka ɗora masa. Maganin da ake yi a lokacin allurar man wani itacen Indiya ce mai suna chaulmoogra, mai zafin gaske, mai ƙarancin amfani.

Sauyi ya zo wajen 1950, lokacin da Dokta John Lowe ya tabbatar a Uzuakoli, a Gabashin Nijeriya, cewa ana iya shan ƙwayar dapsone ba tare da cutarwa ba in an rage yawanta. A shekarun 1950 Dokta Charles Ross ya yaɗa ta a Jihar Arewa ta hanyar ƙananan shagunan magani na karkara, inda mai cutar zai zo ya sha ya koma gonarsa. Wannan babbar nasara ce, amma ta zo da abin da ba a zata ba. Dapsone tana kashe ƙwayar cuta, ba ta kuwa raya jijiyar da ta riga ta mutu. Saboda haka mutum yakan koma gida da takardar sallama, ya ɗauki fartanya, ƙaya ta shige shi bai sani ba, ya yini yana taka ta. Faso ya zama miki, miki ya zama gyambo, gyambo ya kai ga ƙashi. Da dare kuma, inda ba fitila, gani ya tafi, jin ƙafa ya riga ya tafi, sai ya zama mara lafiyar Romberg a tsakar gidansa.

Wanda ya warware wannan sarƙaƙiya shi ne Paul Brand, likitan fiɗa da ya fara aiki a Vellore ta Indiya a 1946. Ya nuna cewa yatsun kuturu ba ruɓewa suke yi don kansu ba, rauni ne ke cin su bisa rauni, saboda babu zafin da zai yi gargaɗi. Maganin da ya fito daga wannan bincike ba shi da kwarjini ko kaɗan: takalmi mai shimfiɗar roba mai laushi, da jiƙa ƙafa a ruwa, da goge kaushi, da shafa mai, da duba tafin ƙafa kowace maraice. Haƙiƙa, a tarihin ƙafafun da aka ceta, mai ɗinka takalmi ya cancanci a ambace shi tare da likita. A 1982 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin haɗa magunguna, kuma a 1998 Nijeriya ta sauko ƙasa da mai cutar 1 cikin mutum 10,000. Duk da haka, a 2022 an rubuta sababbin masu cutar fiye da 2,000 a ƙasar.

A wajen wannan lokaci ne lantarki ya komo cikin zancen ta wata ƙofa. A 1990 masu bincike a Lund ta Suwidin suka sanyaya tafin ƙafar mutane masu lafiya, suka ga layin jikinsu ya ƙaru. A 1998 wasu a Marseille suka girgiza sassa daban-daban na tafin ƙafa, jiki ya riƙa karkata zuwa sashen da ke daura da inda aka girgiza. Sa'an nan James Collins da abokan aikinsa a Boston suka gwada wani abu mai kama da almara: raunanniyar wutar lantarki, wadda mutum ba ya ko jin ta, tana iya taimakon jijiya mai rauni ta ji taɓin da a da yake wuce ta. Misalinsa kamar tulun da ya kusa cika ne, ɗan girgiza kaɗan ya isa ruwan ya zubo. A 2002 suka ba da rahoton cewa irin wannan wuta ta ƙara wa tsofaffi jin taɓi a ƙafa, kuma da aka sa ta a gwiwa ta rage musu layi. A 2003 suka buga sakamakon shimfiɗar takalmi mai girgiza a mujallar Lancet, a 2006 kuma suka gwada ta a kan masu ciwon suga da masu shanyewar ɓarin jiki.

Wajibi ne a auna wannan da ma'auninsa. Mutane kaɗan aka gwada, a ɗakin bincike, a kan daɓe mai santsi, na 'yan daƙiƙoƙi. Tsayuwa a kan daɓe daban take da tafiya a kan kunya da damin dawa a ka. Abu na biyu ya fi wannan nauyi: wutar tana ƙarfafa jijiyar da ke da sauran rai ne kawai, ga wadda kuturta ta gama kashewa babu abin da za ta ƙara. Bugu da ƙari, ƙafar da ba ta ji ba za ta yi ƙorafi ba in wutar ta yi yawa ta ƙone fata.

Inda binciken yake da amfani ga ƙasar Kano shi ne tsakanin farkon rauni da mutuwar jijiya, kuma masu wannan hali yanzu ba kutare kaɗai ba ne, domin ciwon suga yana cin jijiyar ƙafa ta irin wannan hanya, ya haifar da irin wannan gyambo. Gane su da wuri kuwa ba ya bukatar lantarki. Wani siririn zaren nailan ne, mai lanƙwasawa in nauyin da aka danna ya kai giram 10. Ma'aikacin lafiya yakan sa mutum ya rufe ido, ya taɓa masa shi a ƙarƙashin babban yatsa da sauran sassan tafin ƙafa, ya tambaye shi ko ya ji.