TARIHIN BAYANAN DA KE ƁOYE A CIKIN HOTON WAYARKA



Lokacin ambaliyar 2022, da ruwan kogin Haɗejia ya shafe gonaki a nan Kirikasamma, wani dattijo ya kawo min wayarsa gilashi ya fashe. Ya ce, "Yaro, ba wayar ce ta dame ni ba. Hotunan gonar shinkafata nake so, kuma ina son sanin ranar da na ɗauke su, masu rubuta sunayen waɗanda ruwa ya ci suna tambaya." Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, hoton ya rubuta ranar da kansa." Ya zaci wasa nake. To yau tarihin wannan rubutu zan ba ku.

A da, mai hoto kan buga hatimin shagonsa a bayan hoto, wasu kyamarorin fim kuma su buga kwanan wata da jan rubutu a gefe. Da kyamarorin dijital suka fito, babu takardar da za a yi rubutu a bayanta. Sai a 1995 wata ƙungiyar masana'antun lantarki ta Japan mai suna JEIDA ta fito da tsarin Exif, wato ɗan wuri a cikin fayil ɗin hoton inda kyamara za ta ajiye sunanta, ranar ɗauka, da yadda aka saita haske. Asalin manufar fa taimaka wa mai ɗauka da injin wanke hoto ce kawai. An yi ta sabunta tsarin, na 2.2 a 2002, na 2.3 a 2010, na 3.0 a 2023.

Abin ya canja ne da wayoyi masu GPS suka shigo, irin iPhone 3G ta 2008. Daga nan hoto ya fara faɗin inda kake tsaye. Rundunar sojin Amurka da kanta ta ba da labarin yadda a 2007 aka lalata mata jirage masu saukar ungulu guda 4 a Iraƙi, bayan sojoji sun ɗora hotunansu a intanet da wurin a jiki. A Disambar 2012 kuma, John McAfee, mai manhajar kashe bairos ɗin nan, yana gudun 'yan sandan Belize, sai 'yan jaridar Vice suka saka hotonsa ba su goge bayanan ba. Nan take duniya ta gane yana Guatemala.

Su kuma masu rubuta manhaja sun daɗe da ƙera makullin wannan akwati. A 2003 Phil Harvey, wani mutumin Kanada, ya fitar da ExifTool, kyauta, har yau ana amfani da shi. Masu yaren Python suna da Pillow, wadda aka faro a 2010 daga tsohuwar PIL. Da ita na duba hotunan Baba. Ko a wayar Android za ka iya: ka sauke Pydroid 3, ka saka Pillow, ka buɗe hoton da Image.open, sannan ka kira getexif. Lambobi za su fito maka: 271 kamfanin wayar, 272 samfurinta, 306 kwanan wata da lokaci. Wata kuma mai suna piexif tana ba ka damar canja bayanan ko goge su gaba ɗaya.

Nan ne fa ya kamata a lura. Abin da za a iya gogewa, ai za a iya yi masa ƙarya. Layi uku sun isa a mayar da hoton ambaliyar 2020 ya zama na bana. Haka in agogon wayarka ba daidai yake ba, ƙaryar za ta rubuta ba da saninka ba. Don haka Exif shaida ne, amma kada ka rantse a kansa shi kaɗai.

Abu biyu za ku riƙe. In hoton hujja ne, gona ko ɓarnar ruwa, ku ajiye na asali, don WhatsApp da Facebook suna cire bayanan in an tura ta hanyar da aka saba. Sai an tura shi a matsayin fayil suke tafiya tare. In kuma hoton gida ne, musamman 'yan uwa mata, kada ku tura wa baƙo a matsayin fayil, kuma ku shiga saitin kyamara ku kashe alamar wuri.

Baba dai ya samu ranarsa, na rubuta masa a takarda ya tafi da ita. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa in sha Allahu.