Daga wasan yara zuwa gasar nahiyoyi: tarihin tseren keken BMX

Duk wanda ya saba bin hanyar Tibiri ko ta Jiratawa da yamma, bayan an tashi daga lakwal, ya san yaran nan masu tsere da keke. Wani ya ɗaga tayar gaba, wani ya tara ƙasa ya yi ɗan tudu yana tsallakewa, mu kuma manya sai tsawa: "Kai, za ka karye!" Ni ma na sha yin wannan tsawa a ƙofar makaranta. To irin wannan wasa ne ya girma ya zama tseren BMX, wanda yau kowace nahiya ke shirya wa gasa.

Abin ya faro ne a kudancin jihar Kaliforniya ta Amurka, wajen ƙarshen shekarun 1960. Yara na sha'awar masu tseren babur a filayen ƙasa da tuddai, amma ba su da kuɗin babur, shekarunsu ma ba su kai ba. Sai suka riƙa kwaikwayo da ƙananan kekuna, musamman samfurin Sting-Ray da kamfanin Schwinn ya fitar a 1963. A 1971 wani fim mai suna On Any Sunday ya nuna irin yaran nan a farkonsa, wasan kuwa ya bazu cikin ƙasar. Daga nan iyaye da masu sha'awa suka kafa ƙungiyoyi, suka tsara doka, suka raba yara aji aji bisa shekaru.

Tsarin tseren ba wuya. Mutum takwas ke jeruwa a kan tudu, a saki ƙofa, su gangaro cikin fili mai tsawon mita 300 zuwa 400, cike da tuddai da kwana. Cikin ƙasa da minti guda an gama. Keken ƙarami ne, tayarsa inci 20, giya ɗaya, kuma ba mai shiga sai da hular kwano.

Wani ɗan ƙasar Holan, Gerrit Does, na cikin waɗanda suka kai wasan Turai a shekarun 1970. A 1981 aka kafa hukumar BMX ta duniya, a 1982 aka yi gasar duniya ta farko a garin Dayton na Amurka. Turawa sun soma gasar nahiyarsu tun cikin shekarun 1980. A 1993 wasan ya koma ƙarƙashin UCI, hukumar tseren keke ta duniya, wadda ke da rassa biyar: Turai, Amurka, Asiya, Afirka da Oshiyaniya. Da aka amince a 2003 cewa BMX zai shiga Olamfik na Beijing a 2008, sai sauran nahiyoyi suka farka. Wasannin nahiyar Amurka sun sa shi a Rio a 2007, na Asiya kuma a Guangzhou a 2010.

Amfanin gasar nahiya a fili yake. Ɗan wasan da ba zai iya biyan kuɗin jirgi zuwa Turai ba, yana iya gwada kansa da maƙwabta, ya tara makin da ake duba wa wajen zuwa manyan gasanni. Kolombiya ta ci moriyar haka. Mariana Pajón, ƴar garin Medellín, ta hau keke tun tana ƴar ƙarama, ta ci zinari a wasannin nahiyar Amurka a 2011, sannan ta ci na Olamfik a 2012 da 2016. Iyayen da ke ganin keke ba na ƴa mace ba ne, su duba wannan.

Afirka ta makara. Hukumar keke ta nahiyar tana nan tun 1973, amma ƙarfinta ya fi karkata ga tseren kwalta, irin Tour du Faso da maƙwabtanmu na Burkina ke yi tun 1987. BMX ya fi kafuwa a Afirka ta Kudu da Zimbabwe, inda aka gina filaye. Sifiso Nhlapo na Afirka ta Kudu ya kai zagayen ƙarshe a Beijing, kuma ya zo na biyu a gasar duniya ta 2010 da aka yi a Pietermaritzburg, cikin ƙasarsa. Inda aka yi fili, nan zakaru ke fitowa.

Mu ma mun san haka a gida. Kokowa wasan dandali ce ta bayan girbi, sai da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tahoua a 1975 ta samu alƙalai da jadawali da fage a manyan garuruwa, har da Maraɗi. Lambobin Olamfik biyu da Nijar ke da su, ta Issaka Daboré a dambe a 1972 da ta Abdoul Razak Alfaga a taikwando a 2016, duk sun fito ne daga hannun masu horarwa.

Yaranmu kuwa kwalta ce filinsu, tsakanin kabu-kabu da manyan motocin da ke zuwa Ɗan Isa. Tsawa ba ta hana su, sai dai su koma inda ba ma gani. Ƙasa ba ta yanke mana ba, shebur da baro ma akwai. Ƙungiyar iyayen yara da malamin wasanni na iya ware wani gefe na filin makaranta, a yi tuddai marasa tsawo, a duba birki, a nemi hular kwano ko guda biyar a riƙa karɓa-karɓa. In makarantun Maraɗi da Tibiri da Jiratawa suka haɗu sau ɗaya a shekara, da sharaɗin cewa sai mai zuwa aji kullum zai shiga, an samu gasa, an kuma janye yara daga bakin hanya.