Wadan Kifin da Bai Kai Tsinken Ashana Ba: Tarihin Kiwon Kifi a Akwatin Gilashi



Da yawanmu mun taɓa ganin akwatin gilashi cike da ruwa a falon wani gida ko a harabar otal, kifaye masu launi suna kai da komowa a ciki. Mai kallo zai ɗauka duk wanda ya mallaki gilashi da bokitin ruwa zai iya. Amma kafin ɗan Adam ya iya riƙe kifi da rai a cikin ɗaki na tsawon lokaci, sai da ya gane cewa kifi ba ya rayuwa da ruwa kaɗai, dole a ɗauko masa wani yanki na duniyarsa. Za mu bi wannan tarihi har mu tsaya a kan wani ɗan kifi na kudu maso gabashin Amurka, wanda masana ke kira Elassoma. Mu za mu kira shi wadan kifin-rana, kamar yadda sunan da mutanen can suka ba shi yake nufi.

Labarin ya faro ne daga ƙasar Sin. A zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279, masu hali sun riƙa ware kifayen da suka fito ja ko ruwan zinare suna kiwonsu a kududdufan gida. Zuwa zamanin daular Ming, wadda ta fara a 1368, an shigo da su ɗaki a cikin manyan kwanonin tangaran. Da yake tangaran ba ya nuna abin da ke cikinsa, ta sama ake leƙa su. Dabarar riƙe su kuwa guda ce: a yi ta sauya ruwa. Kifin zinare yana da juriya, shi ya sa ya ɗauki wannan zama, har ya isa Turai a ƙarni na 17. Halittun ruwa marasa irin juriyarsa ba sa daɗewa a kwano.

Wadda ta fara haɗa akwatin gilashi domin nazarin halittar ruwa wata Bafaranshiya ce, Jeanne Villepreux-Power, wadda ta fara rayuwa a matsayin tela. A 1832, tana zaune a Messina ta tsibirin Sisili, ta ƙera akwatuna don ta sa ido kan wata halittar teku mai siririn ƙwanso da ake kira Argonauta. Masana sun daɗe suna gardama ko ita ke yin ƙwanson ko aro take yi. Matar ta yi kiwonta, ta tabbatar ita ke ƙera abinta. A 1843 jirgin ruwan da ya ɗauko mafi yawan takardunta da kayan bincikenta ya nutse, sunanta ma ya kusa nutsewa tare da su.

A Landan kuma, cikin 1846, Anna Thynne ta kawo murjani mai rai daga bakin tekun Torquay zuwa gidanta. Da ta ga jigilar sabon ruwan teku ta yi tsada, sai ta sa 'yar aikinta ta riƙa juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban taga, domin iska ta shiga cikinsa. Ta riƙe halittun kusan shekara uku. An gane ke nan cewa ruwa ma yana buƙatar iska. Saura a sami abin da zai yi aikin 'yar aikin nan ba tare da gajiya ba.

Amsar ta fito daga wani masanin sinadarai, Robert Warington. A 1849 ya sa ƙananan kifayen zinare biyu a babban mazubin gilashi, ya dasa wata ciyawar ruwa mai dogon ganye da ake kira Vallisneria. Lissafinsa shi ne ciyawa ta ba kifi iskar oksijin, kifi ya ba ciyawa iskar da yake fitarwa da kuma taki. Abu ya tafi daidai har tsofaffin ganye suka fara ruɓewa, ruwa ya gurɓace, gansakuka ta rufe gilashi. Sai ya jefa 'yan dodannin koɗi a ciki. Suka cinye ruɓaɓɓen ganyen, ruwa ya washe. A 1850 ya gabatar da sakamakon ga ƙungiyar masana sinadarai ta Landan. Kifi, ciyawa, dodon koɗi: kowanne na cin moriyar ɗan uwansa, mai gida kuma ya huta da ɗebo ruwa.

Lokacin ya zo daidai. A 1845 gwamnatin Ingila ta soke harajin gilashi, farashinsa ya sauko. A 1853 aka buɗe ɗakin kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun daji na Landan, da taimakon masanin halittu Philip Henry Gosse. Shi ne ya yaɗa kalmar akwariyam a littafin da ya fitar a 1854, sai abin ya zama yayi a gidajen Ingila. A Jamus, Emil Adolf Rossmässler ya rubuta maƙala a 1856 yana koya wa talakawa yadda za su haɗa ɗan tafki a cikin gilashi da kifin ruwan daɗi. A 1869 aka kawo wani kifi mai launi daga Sin zuwa Faransa, Pierre Carbonnier ya samu ya hayayyafa a Faris, ƙofar cinikin kifayen ƙasashe masu zafi ta buɗe.

Duk da haka kifaye sun ci gaba da mutuwa a sababbin akwatuna, domin akwai ma'aikaci na huɗu da ido ba ya gani. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya, wanda guba ne gare shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin yashi da duwatsu su ke mayar da shi wani abu mai sauƙin illa, wanda ciyawa ke sha. Cikin waɗanda suka yi dogon bincike kan wannan aiki a ƙasar noma akwai ɗan Warington na cikinsa, wanda shi ma sunansa Robert. Sergei Winogradsky ne ya ware ƙwayoyin wajen 1890. Wannan ne dalilin da ya sa masu kiwo a yau suke barin sabon akwati ya yi makonni kafin su zuba kifi.

Ƙarni na 20 ya kawo lantarki, ya kawo injin hura iska, da na tace ruwa, da na ɗumama shi. Cikin shekarun 1950 kamfanin Tetra na Jamus ya fito da busasshen abincin kifi a gwangwani. Kiwo ya yi sauƙi, har aka fara mantawa da darasin Warington. A nan ne wadan kifin-rana ya shigo da nasa sharaɗin.

David Starr Jordan, wanda daga baya ya zama shugaban Jami'ar Stanford na farko, shi ya ba jinsin suna a 1877. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa ƙaramin jiki. A 1884 ya bayyana nau'in da aka fi kiwo, Elassoma evergladei. A yau nau'i 7 aka sani, na baya-bayan nan a 2009 aka bayyana shi. Yawancinsu ba sa wuce santimita 3 zuwa 4. Gidansu fadamu ne da idanun ruwa masu cunkoson ciyawa, daga jihohin Karolina zuwa Fulorida, har yamma zuwa Teksas. A dawa, da wuya su wuce shekara guda da 'yan watanni.

Wanda ya sa shi a akwati zai tarar kusan duk saukin da zamani ya kawo bai amfane shi ba. Yawanci ba ya kallon busasshen abinci, sai abu mai motsi: 'ya'yan sauro, ƙananan tsutsotsi da ƙwarin ruwa. Dole mai shi ya yi kiwon abincin kafin ya yi kiwon kifin. Ba ya son igiyar ruwa mai ƙarfi, don haka babban injin tacewa wahalar da shi yake yi. A ƙasashe masu sanyi ba ya buƙatar injin ɗumama ruwa, sanyin hunturu ma yana taimaka masa ya shirya yin ƙwai. In aka haɗa shi da kifaye masu zafin nama, za su riga shi abinci, ya ɓuya ya rame. Abin da yake so shi ne akwati na lita 20 ko sama da haka, shaƙe da ciyawa, ruwa a kwance, dodon koɗi na yawo. Wato akwatin 1850 sak.

In an cika masa sharaɗi sai ya biya. Namijin da yake fari-fari kamar busasshen ganye sai ya rikiɗe ya zama baƙi wuluk, da ɗigo-ɗigon shuɗi mai ƙyalli. Ya kama wani lungu na ciyawa, ya riƙa buɗe fukafukansa yana rufewa, yana wata rawa a gaban mace har ta bi shi cikin ganye ta zuba ƙwai. Bayan 'yan kwanaki 'ya'yan su ƙyanƙyashe, ƙanana ƙwarai, su rayu da ƙwayoyin halittar da ke maƙale a ciyawar.

Abin da ke faruwa in aka ɗauke wa wannan kifi ciyawarsa ya bayyana a jihar Alabama. A 1937 aka gano wani nau'insa a wani idon ruwa da ake kira Cave Spring. A 1938 madatsar ruwa ta Pickwick, a kan kogin Tenesi, ta cika ta haɗiye wurin. A 1941 aka sake ganin sa a Pryor Spring, amma cikin 'yan shekaru aka zuba maganin kashe ciyawa a ruwan, kifin ya ɓace. Kusan shekara 30 ana ganin ya ƙare a duniya, sai a 1973 David Etnier na Jami'ar Tenesi ya same shi a yankin rafin Beaverdam. Bai sami sunan kimiyya ba sai 1993, lokacin da Richard Mayden ya kira shi Elassoma alabama. A 2013 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin halittun da doka ta ba kariya.

Raina kama ka ga gayya. A 2018 kamfanonin Mazda da Toyota suka fara gina masana'antar motoci ta dala biliyan 1.6 a Huntsville, dab da ruwan da kifin yake. Masu kare muhalli suka tashi, aka dakatar da aikin na ɗan lokaci, a ƙarshen shekarar kuma aka sa hannu kan yarjejeniya: kamfanonin za su ware dala miliyan 6 da fili mai faɗi don kare idanun ruwan. Wata cibiya a Knoxville, Conservation Fisheries, tana kiwon wannan nau'in a akwatuna, don kada wani haɗari guda ya shafe shi gaba ɗaya.

Akwatin da aka fara ƙerawa don nazari, aka mayar da shi kayan adon falo, yau ya zama mafakar kifin da sau biyu ana ganin ya ƙare. Amma masu wannan aiki sun san iyakar gilashi. Zai riƙe kifi ya riƙe zuri'arsa, sai dai in idanun ruwan da kifin yake zaune suka ƙafe ko ciyawarsu ta mutu, babu gidan da za a mayar da su.